MAI TSALLE YA MUTU, TO MU 'YAN KALLO FA?

Shekaranjiya da daddare wani ya jefo bidiyo a guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai. Wani Bature ne tsaye a bakin dogon dutse, ya ɗaga wa kyamara hannu, ya daka tsalle. Lemarsa ta buɗe a karkace, ta maka shi da jikin dutsen. Mai ɗaukar bidiyon bai sauke wayar ba, sai ma ya ƙara jawo hoton kusa don mu gani da kyau. Kafin minti goma guruf ya cika da tsokaci. Wannan ya ce ƙoshi ne ke damun su. Wancan ya ce "Allah Ya ƙara, shi ya jawo wa kansa." Wani kuma, mutumin da nake ganin girmansa ƙwarai, ya rubuta cewa da shi ne hukuma ko baro ba zai tura a ɗauko shi ba, balle jirgi mai saukar ungulu.

Duk cikinmu babu wanda ya tambaya: shi wannan mai riƙe da wayar, me ya yi bayan ya gama ɗauka? Ya kira masu ceto? Ko kuwa ya tsaya duba ko bidiyon ya fita sosai?

Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na zo nan. Maganata ɗaya ce: wautar wanda ya faɗo ba ta wanke wanda ya tsaya kallo. Ko shi ya jawo wa kansa ko ba shi ba, daga lokacin da ya faɗo a gabanka haƙƙinsa ya hau wuyanka.

Ga wanda bai san wasan ba, ana kiran sa BASE. Sunan ya fito ne daga haruffan farko na kalmomin Turanci huɗu da ke nufin gini, dogon ƙarfen sadarwa, gada, da dutse, wato wuraren da ake dirowa daga kansu da lema. Ba irin dirowa daga jirgin sama ba ne. Mai dirowa daga jirgi yana fitowa daga nisan mita 4,000 ko kusa da haka, da lema biyu a bayansa, idan ta farko ta ƙi ya ja ta biyu. Shi kuwa ɗan BASE galibi lema ɗaya gare shi, domin babu lokacin buɗe wata. Wanda ya diro daga gada mai tsawon mita 150, kamar ta Perrine a jihar Idaho ta Amurka, sakan shida ne kacal ko ƙasa da haka tsakaninsa da ƙasa. Likitoci a Norway sun bi diddigin tsallen da aka yi daga dutsen Kjerag tsakanin 1995 da 2005: tsalle 20,850, mutum 9 suka mutu, aka samu haɗari 82 da ba a rasa rai ba. Mutuwa ɗaya kenan a kowane tsalle 2,300 da ɗoriya. Kuma wannan wuri ne mai tsari, ba na 'yan sata-fage ba.

Kada wani ya ce na zo kare wasan nan. Ban zo ba. A ganina ganganci ne, kuma da ƙanena ne zai ce min zai yi, sai inda ƙarfina ya ƙare. Carl Boenish, wanda ake kira uban wasan na zamani, shi kansa a kansa ya mutu, a kusa da dutsen Trollveggen na Norway a 1984. Amma tsakanin "ban yarda da abin da kake yi ba" da "ka mutu ba ruwana" akwai tafiya mai nisa, kuma mutanen guruf ɗinmu sun haye ta da tsalle ɗaya, ba ko lema.

Bari mu fara da kyamara, don ita ce ta haɗa mu da su.

Ranar 4 ga Fabrairun 1912 wani tela mai suna Franz Reichelt ya hau hawa na farko na Hasumiyar Eiffel a birnin Paris, sanye da wata riga da ya ɗinka da hannunsa, wadda ya yi imanin za ta buɗe ta zama lema. 'Yan sanda sun ba shi izini ne bisa fahimtar cewa mutum-mutumi zai jefo. Da ya iso sai ya ce shi da kansa zai diro. Abokansa sun roƙe shi, ya ƙi ji. Masu ɗaukar fim kuwa sun riga sun kafa kyamarorinsu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Fim ɗin yana nan har yau. Za ka ga mutumin tsaye a bakin ƙarfe yana leƙa ƙasa, yana jinkiri, jikinsa na faɗa masa gaskiya. Babu wanda ya riƙe shi. Ya faɗo mita 57 ya mutu nan take. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙarshen fim ɗin: bayan an ɗauke gawar, ga wasu sun sunkuya suna auna zurfin ramin da jikinsa ya yi a ƙasa.

Shekara ɗari da huɗu bayan haka, a watan Agustan 2016, wani matashi ɗan Italiya mai shekara 28, Armin Schmieder, ya hau wani dutse kusa da Kandersteg a ƙasar Suwizalan sanye da riga mai fikafikai. Ya kunna Facebook kai tsaye, wannan Facebook ɗin da kuke karanta ni a kai, ya nuna wa mabiyansa yana shiryawa, ya sa wayar a aljihu, ya diro. Masu kallo suka ji ƙugin iska, suka ji ƙara, sai shiru, sai ƙarar ƙararrawar da ake rataya wa shanu a can. Wayar ta ci gaba da watsawa. A cikin wannan watan dai Uli Emanuele da Alexander Polli, biyu daga cikin fitattun 'yan wasan, suka mutu. A shekarar gaba ɗaya sama da mutum talatin wasan ya ci.

To ku faɗa min, me ya canza tsakanin 1912 da 2016? Kyamarar ce kawai ta ƙanƙance ta shiga aljihu, masu auna ramin kuma suka ƙaru daga ɗan taro zuwa miliyoyi. Me ya sa mai riga mai fikafikai ba ya wadatuwa da tashi a sarari, sai ya ratsa ta tsagin dutse ko ya shafi kan bishiyoyi? Domin bidiyon da aka tashi lafiya nesa da dutse ba ya samun 'yan kallo. Wanda aka sha da ƙyar shi ke yawo. Kamfanoni suna bin inda idanu suke, idanun kuwa namu ne. Bahaushe ya gama magana da ya ce ingiza mai kantu ruwa. Kai da ka tura bidiyon zuwa guruf biyar sannan ka rubuta "Allah Ya ƙara", ka sani cewa ka sayi tikiti ne, ka zauna a layin gaba, sannan ka fito kana zagin ɗan wasa.

Na san za a ce ko ba 'yan kallo wasu za su yi. Gaskiya ne. A ƙarshen 2014 kamfanin Clif Bar na Amurka ya janye tallafinsa daga wasu 'yan wasa biyar saboda ya ce haɗarin da suke ɗauka ya yi yawa. Cikinsu har da Dean Potter. Bayan wata shida, ranar 16 ga Mayun 2015, Potter da abokinsa Graham Hunt suka mutu a gandun Yosemite. Janye tallafin bai hana shi ba. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Amma rashin jin kiransa bai ɗauke maka nauyin kiran ba, kuma bai halatta maka tafi ba.

Wannan ya kawo ni kan na kusa da mai tsalle, waɗanda ke tsaye tare da shi a bakin dutse.

A watan Oktoban 1999 wasu 'yan wasan suka shirya zanga-zangar nuna adawa da haramcin tsalle a Yosemite. Suka yi yarjejeniya da hukumar gandun: za su diro daga dutsen El Capitan da rana tsaka, a gaban jama'a da 'yan jarida, in sun sauka a kama su a ƙwace kayansu. Cikinsu akwai wata mata mai suna Jan Davis, gogaggiya ce ba sabuwar hannu ba. Don kada a ƙwace nata kayan masu tsada, sai ta ari na wani. Abin jan lemar a kayan aron ba a wurin da hannunta ya saba yake ba. Ta diro, lema ba ta buɗe ba har ƙasa, a gaban taro, mijinta na cikin masu ɗaukar hoto. An fito don a nuna wa duniya wasan ba shi da haɗari, sai aka nuna akasin haka. Ba na ɗora wa wani mutum laifi da suna, waɗanda ke wurin sun sha baƙin cikin da ya ishe su. Darasin nake so mu ɗauka: akwai lokacin da abota ita ce ka ɓata wa mutum rai, ka ce yau kam ba za ka yi ba, ko da kyamarori sun taru, ko da za a ji kunya. Kunya ana warkewa daga gare ta.

Sai kuma taro. Kowace shekara a watan Oktoba akan rufe gadar New River Gorge a jihar West Virginia, mai tsawon mita 267, a yi bikin tsalle na yini guda. A bikin 2006 Brian Schubert, mai shekara 66, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka fara dirowa daga El Capitan tun 1966, ya faɗa kogin ya mutu a idon dubban mutane. Aka ɗauke gawarsa, aka ci gaba da tsalle a ranar. Masu shirya bikin suna da hujjojinsu. Ni dai tambayata ga taron ce: wane irin kallo ne mutuwa ba ta isa ta tashe shi ba?

Wani zai ce, to Malam, wanda ya faɗo daga mita dubu me zan yi masa? Koma kan alƙaluman Kjerag: 9 suka mutu, amma haɗari 82 aka yi da mutum bai mutu ba. Mafi yawan waɗanda abin ya rutsa da su da ransu suke. Wani yana rataye a jikin dutse da igiyoyin lemarsa, wani yana kwance da karyayyen ƙugu yana zubar da jini ta ciki. Mintunan farko su ne komai, kuma waɗannan mintunan a hannun ɗan kallo suke, ba a hannun likita ba. Masana halayyar ɗan'adam biyu, John Darley da Bibb Latané, sun nuna tun 1968 cewa yawan masu kallo yana rage wa kowane ɗaya jin cewa shi ne zai motsa. Kowa na jiran kowa. Wayar hannu ta zo ta ƙara ba mu mafaka: kana ɗauka, sai ka ji kamar wani aiki kake yi.

Wasu ƙasashen ba su bar wannan ga imanin mutum ba. A Faransa, ƙin taimaka wa wanda ke cikin haɗari alhali kana iyawa ba tare da ka jefa kanka a haɗari ba, laifi ne da ke kai wa ga ɗaurin shekara biyar da tarar Yuro 75,000. A Suwizalan har shekara uku. A Jamus shekara ɗaya, kuma tun farkon 2021 ɗaukar hoton gawar wanda ya yi haɗari ta hanyar wulaƙanci na iya jawo ɗaurin shekara biyu. Ku lura, babu ɗaya cikin dokokin nan da ta ce "sai fa idan shi ya jawo wa kansa." A Ingila da mafi yawan jihohin Amurka kuwa doka ba ta tilasta wa mai wucewa ya taimaka ba. Mu ba sai mun jira majalisa ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa ceton wanda ke shirin halaka wajibi ne a kan waɗanda ke wurin, idan wani ya yi ya ɗauke wa saura, idan kowa ya ƙi kowa ya yi laifi. Ban taɓa jin malamin da ya ce a fara binciken dalilin da ya kai mutum cikin kogi kafin a miƙa masa igiya ba.

Yanzu ga maganar dattijon guruf ɗinmu, mai baro. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin fushinsa, kuma ba zan ɓoye ba. Mai tsalle yana cewa raina ne, zaɓina ne. Ƙarya ne, ba ransa kaɗai ya sa a caca ba. Matuƙin jirgin da zai kusanci jikin dutse iska na kaɗa shi bai zaɓa ba. Mutumin da za a zuro da igiya duwatsu na gangarowa a kansa yana da mata da 'ya'ya. Norway ta haramta tsalle daga Trollveggen a 1986, kuma haɗarin da masu ceto ke shiga a wannan bangon dutse mai tsawon sama da mita dubu na cikin dalilan. Mutanen kwarin Lauterbrunnen a Suwizalan, inda gommai suka mutu, su ma ba su zaɓi a riƙa faɗowa cikin makiyayarsu ba. A Chamonix ta Faransa, a 2016, wani mai riga mai fikafikai gini ya faɗa wa a cikin gari, har magajin garin ya dakatar da wasan.

Duk wannan hujja ce ta a tsaurara ƙa'ida, a tilasta inshora, a sa mai tsalle ya biya kuɗin ɗawainiyarsa tun kafin ya hau dutse. A Lauterbrunnen ma haka ake yi: masu tsalle suna sayen katin sauka, kuɗin na zuwa ga manoman da ake sauka a filayensu, kuma dole su buga wa kamfanin jiragen Air-Glaciers waya kafin su diro don kada su yi karo da jirgi. Haka kuma hujja ce ta cewa mai ceto yana da ikon ya ce yanayi bai ba da dama ba, sai gobe. Ba a ce wanda bai iya iyo ba ya faɗa ruwa, kuma ba a ba da rayayye don a ɗauko gawa. Abin da ba hujjarsa ba ce shi ne a bar mai numfashi ya ƙarasa don ya zama darasi. Ranar da mai ceto ya fara zama alƙali, to mai shan sigari ya shiga uku, direban da ya yi gudun wuce sa'a ya shiga uku, kai da ka hau babur ba hular kwano kai ma ka shiga. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Akwai ma abin da ya fi wannan: tsoron hukuma yana kashe mutane. A watan Yunin 1999 Frank Gambalie ya diro daga El Capitan ya sauka lafiya lau. Jami'an gandun na jiran sa a ƙasa. Hukuncin wannan laifi a gandun dajin Amurka tara ce da za ta iya kai Dala 5,000 ko ɗaurin wata shida, ga ƙwace kaya. Don gudun wannan ya faɗa kogin Merced da ya cika ya batse, ruwa ya ci shi. Mutuwarsa ce ma ta jawo zanga-zangar da Jan Davis ta mutu a cikinta. Masu wasan sun daɗe suna cewa haramcin ne ke tura su tsalle da almuru, lokacin da ido ba ya gani sosai. Potter da Hunt ma da yamma lis suka diro, sai washegari aka gano gawarwakinsu. Kana iya cewa su suka karya doka, kuma ka yi gaskiya. Amma ka yi tunanin abokin tafiyar da ke tsaye da waya a hannu, yana lissafin in ya kira shi ma za a kama shi. Saboda irin wannan ne ƙungiyoyin masu ceto na duwatsu a Amurka suka daɗe suna adawa da a riƙa cajin wanda aka ceto: mai tsoron biya yana jinkirin kira, jinkirin kuma yana ƙara wa kowa haɗari, har da su.

Wannan lissafin kuwa mu ba baƙonmu ba ne. Mutum nawa ne a nan suka wuce mai rauni a titi don tsoron kada a riƙe su da tambayoyi? Alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa.

Ni ma ba tsarkakakke ba ne. Shekara biyu da suka wuce ina tsaye a bakin titi ayarin rakiyar amarya ya zo wucewa. Wani yaro a kan babur yana ɗaga ƙafar gaba, matasa na ihu suna zuga shi, ni ma ina dariya. Ya sake ɗagawa, babur ya kufce. Wallahi ban san lokacin da wayata ta fito daga aljihu ba. Wata tsohuwa mai tuyar awara ce ta ture ni, ta cire mayafinta ta danne masa inda jini ke zuba, ta ɗago ta ce min, "Kai ɗan nan, ajiye wayar nan ka riƙe masa kai, kada ya motsa!" Ita ba ta tambayi wa ya aike shi ba. Yaron ya rayu. Ni kuwa har yau idan na tuna sai na ji kunyar tsohuwar nan.

Don haka ga abin da nake roƙo, ba shi da yawa. Idan ka ga mutum na shirin ganganci, kada muryarka ta shiga cikin masu zuga shi. Idan ya faɗi, fara duba cewa kai kanka ba ka cikin haɗari, sannan ka kira: 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra, ka faɗi wurin dalla-dalla. Kada ka ce "wani ya kira", nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai, kira. Danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Kada ku ciccibe shi kamar buhu idan ana zargin wuya ko ƙashin baya ya taɓu, sai in wuta ko ruwa ko mota za ta same shi a wurin. Kada a ɗura masa ruwa a baki. Idan masu ceto sun iso, a ba su hanya. Idan kuma bidiyon mutuwar wani ya iso wayarka, bari ya mutu a nan. Yana da uwa, kuma ita ma tana da waya.

Na goge bidiyon, na kuma faɗa wa wanda ya turo shi dalilina. Wanda ke ganin na yi kuskure, ga fili nan a ƙasa, mu tattauna cikin mutunci. Allah Ya tsare mu da tsautsayi, idan kuma ya zo, Allah Ya haɗa mu da irin tsohuwar nan mai awara.